Tsuntsun Babanmu da Babi na Talatin

Ranar Talata, uku ga watan Maris, da ƙarfe tara da kwata na safe, yayana Pu Dehai ya saka tsuntsun babanmu a caca. Ina wurin. Na je gidan shayin Inna Deng ne in kai masa maganin gwiwa, na tarar da shi ƙarƙashin bishiyar da tsofaffi suke rataye kejin tsuntsayensu, yana musu da Tsoho Mou.

Tsoho Mou kuku ne da ya ajiye aiki. Ba abin da yake so kamar labaran masu neman dawwama da ake sakawa a intanet babi ɗaya kullum, waɗanda jarumi yake hawa dutse ya shiga gidan horo, ya tara ƙarfin ciki mataki-mataki har ya taka takobi ya tashi sama. A cikinsu ma na barkwanci yake bi. Yayana kuwa shekara talatin ya yi yana duba tikiti a tashar mota, kuma barin aiki bai hana shi duba kuskuren mutane ba.

"Me ke ba ka dariya yau kuma?" in ji yayana.

"Jarumin ne," in ji Mou, yana share hawaye. "An ce ya fito ya kara da dodon kogi, ya ce cikinsa na ciwo."

"Jiya ma cikinsa na ciwo."

"Jiya dodon dutse ne."

Yayana ya juya wajen sauran tsofaffin. "Kun ji ko? Babi dubu biyu, raha ɗaya. Ya mari ɗan gata, wansa ya zo. Ya mari wan, uban ya zo. Ya mari uban, a tono kaka daga kogo. Wannan ai layin tikiti ne, ba labari ba."

"Amma dai ina dariya," in ji Mou. "Matsoraci ne kamar ni, mai kwaɗayi kamar kai. In na karanta babi ɗaya sai in manta da hawan jinina. Kai me ka taɓa rubutawa ban da takardar tara?"

"Ni? Da na ga dama, cikin wata guda zan rubuta labarin da zai sa duk waɗannan masu wasan yaran su koma sayar da gyaɗa. Labarin manya. Ba dariya ko ɗaya a ciki."

"To ga damar."

Kafin in ajiye ledar magani sun gama shiryawa. Babi talatin cikin kwana talatin, kowanne ya hau shafin kafin ƙarfe sha biyun rana, ba fashi. Ranar ƙarshe kuma masu bibiyar littafin su kai ɗari biyar. In yayana ya cika, Mou zai bar masa kujerarsa ta gindin bishiya, ya riƙa kiransa Malam Pu har mutuwa. In ya kasa, Mou zai ɗauki Farar Gira da kejinsa.

Farar Gira tsuntsun babanmu ne. Shekara tara Baba yana fita da shi kowace safiya, kuma maganarsa ta ƙarshe da na fahimta a asibiti ita ce kada a ba shi ruwan famfo.

"Yaya, tsuntsun nan na Baba ne," na ce.

"Shi ya sa ba zan faɗi ba, Ƙarama."

Inna Deng ta rubuta sharaɗin a bayan kalanda, suka dangwala yatsa.

Yayana bai iya buga rubutu a na'ura ba. Ni mai haɗa magani ce a ƙaramin asibitin unguwa, aikina daga ƙarfe ɗaya yake farawa, don haka safiyata ta zama tasa. Washegari da bakwai ya miƙo min shafi takwas da ya rubuta a bayan tsohon jadawalin motoci.

Jaruminsa sunansa Hai, shekararsa hamsin da takwas, gwiwarsa ta hagu tana ciwo, mai tsaron ƙofa ne a Gidan Horo na Dutsen Gajimare. Babin ya buɗe da ɗalibai suna wucewa a sama bisa takubbansu, Hai yana tsayar da su ɗaya-ɗaya yana neman takardar izinin fita. Wani dodo mai kai uku ya zo zai ƙone gidan. Hai ya ɗauko igiya ya auna shi, ya ce tsawonsa ya wuce ƙa'ida, sai dai ya bi ta ƙofar kaya. Shugaban madafa, wani mai ƙaton tumbi da ake kira Dattijo Mu, ya yi masa dariya. Hai ya rubuta sunansa a littafi.

Yayana da kansa ya karanta min wajen. "Kin ga mutumin da duniya ta raina," ya ce. "Amma shi ya riƙe doka."

"A wane rukuni zan saka shi?"

"Na manya. Jarumta da hikima."

Na sake karanta babin daga farko. Na duba rukunin manya, na ga littafi ya fi dubu da aka buɗe a makon nan kaɗai, kowanne da jarumi ɗan shekara sha bakwai da aka kashe wa dangi. Na tuna Farar Gira. Na danna barkwanci.

Kwana uku bayan haka masu bibiya suka kai arba'in. Ni nake karanta masa sharhinsu, kuma nakan tsaya inda ya dace. Wani ya rubuta, "Marubucin nan gwani ne, ya sa na fesa wa maigidana shayi a ofis." Na karanta masa rabin farko. Wata ta ce, "Abokan tafarki, ku zo ku ga mai tsaron ƙofa, ban taɓa ganin irinsa ba, cikina ya ƙulle." Na tsaya a kan "irinsa ba".

"Sun gane zurfin abin," in ji yayana.

A rana ta shida ya sanar a gidan shayi cewa marubucin gaskiya ba ya rubuta abin da bai ɗanɗana ba. Hai zai dafa ƙwayar ƙarfi a babi na takwas, don haka shi ma zai dafa.

Matarsa Guifen tana da shagon taliya a bakin titi, kuma a gida tana da tukunya mai fito, wadda ake kulle murfinta ta narkar da ƙashi cikin minti ashirin. Ya jira ta fita. Ya zuba ɓawon lemo, citta, zuma, barkonon nan mai kashe leɓe, da wani ganye da ya saya a bakin gada hannun mutumin da ya rantse masa shekararsa dubu. Da ya ga tururi yana fita ta hancin tukunyar sai ya ce ƙarfin maganin ne ke gudu, ya toshe shi da ƙullu.

Ina kan matakala a hawa na biyu na ji ƙarar. Da na shiga, rufin kicin ya koma ruwan ƙasa, taga a buɗe, kayan shanyar Kaka Tang ta hawa na biyar da iska ta kaɗo saitin tagar sun yi ɗige-ɗige. Yayana yana kan kujera yana kankare rufi da cokali.

"Ƙwaya uku ta fito," ya ce. "A gwajin farko. Wasu sai sun yi shekara goma."

Na ɗauki ragowar ganyen na shinshina. "Yaya, filasko ne wannan. Kada ka sha."

"Na sha biyu."

Guifen ta shigo a lokacin. Ta dubi rufi, ta dubi tukunya, ta dubi mijinta. "Pu Dehai, shekara talatin da ɗaya ina gidanka ba ka taɓa dafa min ruwan zafi ba. Yau da ka shiga kicin, rufi ka dafa."

"Mace ba za ta gane ba," ya ce. Bai ƙarasa ba ya sauko daga kujerar da sauri.

Daga ƙarfe goma har zuwa uku na rana yana banɗaki. Ta ƙarƙashin ƙofa ya nemi takarda da biro. Babin da ya fito washegari sunansa "Wankin Ɓargo". A ciki Hai ya haɗiyi ƙwayar, dattin shekara hamsin da takwas ya bar jikinsa sau goma sha ɗaya, kuma kowane karo ya rubuta lokacin a littafi saboda tsari. Ya fito ƙafafunsa na rawa, ya tabbata ya hau mataki na biyu.

Masu bibiya suka tashi daga arba'in zuwa ɗari uku.

A rana ta sha uku ya shiga halwa. Akwai ɗan ɗaki a saman bene kusa da tankin ruwa, inda ake ajiye tsintsiya da tsofaffin kujeru. Ya ce kwana uku zai yi, ba ci, ba magana, ni kuma in riƙa ɗaukar babi ta ƙarƙashin ƙofa. Bai san ana gyaran filin unguwa ba, don haka matan gidan sun mayar da rawar safe saman bene. Ƙarfe takwas daidai suka kunna rediyonsu a jikin ƙofarsa. Babin ranar sunansa "Aljanu Mata Goma Sha Biyu Masu Kai Hari da Kiɗa". Ya siffanta kowacce. Ta uku tana da jan takalmi, kuma kullum tana juyawa hagu in saura sun juya dama. Duk gidan sun san wace ce.

A rana ta biyu ta halwar Kaka Tang ta hau saman benen duba agwaginta kyafaffu da ta rataye tun sanyi. Biyar ta bari, uku ta samu. Ta bi ƙanshi har ƙofar ɗakin, ta buɗe, ta tarar da shi zaune ya naɗe ƙafa da ƙashin cinya a hannu.

"Ɗan Pu, wannan ce halwar?"

"Kaka, hatsi aka hana mai halwa. Ko'ina ba a ambaci agwagwa ba."

"Tsintsiya fa, an ambace ta?"

Ta biyo shi hawa shida. Shekararta saba'in da huɗu, kuma sau biyu ta cim masa. Washegari na buga babin da Hai ya kuɓuce wa Tsohuwar Mayyar Dutse ta hanyar wata dabara mai suna Takun Iska, wadda marubucin ya ce ba gudu ba ne, ja da baya ne cikin mutunci.

Rana ta ashirin masu bibiya ɗari bakwai da tamanin. Na fara barci mai kyau. Yayana ya sayi mafici da farar riga mai maɓallin zare, ya daina amsa gaisuwa da baki, sai da kai.

A rana ta ashirin da ɗaya muka shiga gidan shayi muka tarar da Tsoho Mou yana karanta wa mutane babin agwagwa da ƙarfi. Inna Deng ta ajiye buta ta riƙe ƙugu. Wani mai majan, wasan nan na jera ƙwayoyi kamar karta, ya kifa kansa a tebur.

"Ga shi nan," in ji Mou. "Malam Pu. Bari in fara saba wa bakina. Na sha kaye, kuma ban ji haushi ba. Shekara takwas ina karanta barkwanci, ban ga wanda ya kai naka ba."

Maficin yayana ya tsaya. "Barkwanci?"

"Kai ne na goma sha ɗaya a jerin sababbi." Ya miƙa masa wayar. "Ga rukunin nan a sama. Sauran duk sai sun yi ta tsalle kafin ka yi murmushi. Naka kuwa jarumin bai san abin dariya ba ne, shi ne daɗin."

Yayana ya karanta sharhin da kansa, wannan karon har ƙarshen kowane layi. Ya daɗe. Sannan ya dube ni.

"Ƙarama."

"Na'am, Yaya."

"Wanda ya fesa wa maigidansa shayi, ba ki gaya min ba."

"Ban ga amfaninsa ba."

Kunnuwansa suka yi ja, sannan ya buɗe maficin da ƙarfi ya yi wata 'yar dariya. "Ai da gangan na yi. Ina gwada ku ne in ga wa zai fara ganewa. Mou ya yi ƙoƙari, kwana ashirin kawai ya ɗauka."

Har yau ban san ko Mou da zuciya ɗaya ya yi maganar ba.

A hanyar gida na ce masa, "Yaya, ka ci gaba yadda kake yi. Suna dariya ne saboda kai ba ka dariya."

"Ban yi niyya ba sun yi dariya haka. Ina ga na yi niyya?"

Da yamma ya karɓe littafin daga hannuna. Ya koyi rubutu da yatsa a fuskar waya, ya canza kalmar sirri, ya ce ba ya buƙatar mai tace masa sharhi. Ya kwana yana karanta irin littattafan da yake zagi, da biro a hannu.

Daga babi na ashirin da biyu Hai ya daina auna dodanni. Ya fara zamewa a kan ɓawon kankana. Cikinsa ya riƙa ɓaci a kowane babi, wani lokacin sau biyu. Ya mari ɗan gata ranar Laraba, wansa ranar Alhamis, ubansu ranar Juma'a. Babi guda ya ƙare a lissafin matakai tara na ƙarfi, kowanne da ƙananan matakai tara. Kullum Hai sai ya hau mataki, kullum laƙabinsa sai ya ƙara tsawo, kuma kullum yayana sai ya canza kalmar sirri ta koma sabon laƙabin, don kada, in ji shi, wasu masu shisshigi su shiga. Ni yake nufi.

A babi na ashirin da shida 'yan mata bakwai masu fata kamar farin dutse suka sauko daga gajimare, dukkansu suka kamu da son mai tsaron ƙofa. Guifen ta karanta a shago tsakanin kwano da kwano. Da yamma ta ajiye masa taliya ba romo.

"Bakwai," ta ce. "Da wace gwiwar?"

"Fasaha ce, Guifen. Masu karatu suna so."

"In na ƙara jin maganarsu daga bakinka, ɗakin tsintsiya yana nan. Halwar ta zama ta shekara."

Sharhi ya sauya. "Ruwa ya yi yawa a miyar nan." "An sayar da littafin ne?" "Ina mai tsaron ƙofarmu? Wannan wawan na san shi, yana cikin littafi ɗari." Wanda ya fesa wa maigidansa shayi ya rubuta, "Abokan tafarki, ni na sauka a nan." Ina duba lambar kowace safiya kafin in wanke fuska. Ɗari bakwai. Ɗari shida da goma. Ɗari biyar da sittin. A rana ta ashirin da tara, ɗari biyar da tara.

Na same shi a gida. "Yaya, babi ɗaya ya rage. Ka mayar masa da igiyarsa da littafinsa. Ka bar shi ya nemi takardar izini wajen tsawa."

"Ke maganin tari kika sani. Gobe za ki ga yadda ake rufe littafi."

Shirinsa shi ne, a babi na talatin Hai zai fuskanci tsawar gwaji, wadda sama take saukar wa duk wanda zai zama madawwami. Shi kuma marubucin zai yi abin a zahiri, a gaban jama'a, Inna Deng tana haskawa kai tsaye da wayarta don a jawo sababbin masu bibiya. Babin yana ajiye a shafin, danna shi kawai ya rage. Zai danna ne daidai lokacin da tsawar ta faɗi, wayar tana hannunsa a sama.

"Ka danna tun yanzu, sannan ka yi wasanka," na ce masa da safiyar Alhamis.

"Ina armashin?"

Ƙarfe sha ɗaya da rabi farfajiyar gidan shayi ta cika. Matan rawa sun zo su goma sha biyu, mai jan takalmi a gaba. Guifen ta zo da ludayi a hannu, domin babur ɗin da take kai taliya da shi ne ya ɓace daga ƙofar shago. Ga shi can, an ɗaure masa dogon katako mai fentin azurfa, wai takobi. Kaka Tang ta yarda ta yi tsawar, aka ba ta fallen kwano da sanda. Ta ce ta daɗe tana son ta doki wani abu da ya shafe shi. Tsoho Mou yana kujerarsa, Farar Gira yana rataye a reshen yayana, an ɗage masa mayafi.

Yayana ya fito ya yafa labulen falonsu. Ya hau katakon a tsaye, hannu ɗaya a kan babur, ɗaya riƙe da waya.

"Jama'a," ya ce. "Yau za ku ga abin da marubuta dubu suka rubuta, ɗaya ya aikata. A hankali zan zagaya kududdufin kifi sau uku. A na ukun, tsawa."

Kaka Tang ba ta jira na uku ba. Yana kunna babur ta zabga wa kwanon sanda. Yayana ya firgita ya murɗa hannu. Babur ya yi gaba, gefen labulen ya shiga taya, katakon ya share teburin majan, ƙwayoyin suka watse kamar ƙanƙara. Ya ratsa tsakiyar matan rawa, duk suka kauce dama, mai jan takalmi ta kauce hagu, ya kauce mata, ya nufi kududdufin kai tsaye. Babur ya tsaya a bakin dutse. Shi bai tsaya ba.

Ruwan iya ƙugu ne. Ya miƙe da ganye a kansa, hannunsa har yanzu a sama, amma ba komai a cikinsa.

Mutum ya fi ashirin da waya a ɗage. Inna Deng tana dariya har hoton yana rawa. "Suna shigowa," ta ce. "Ɗari shida. Ɗari bakwai da hamsin. Ɗan Pu, ka wuce ɗari tara."

Yayana ya share fuska ya dubi Mou. "Ka gani? Duk cikin shiri ne."

"Na gani," in ji Mou. "Babin fa?"

Na dubi agogon bango. Sha biyu saura minti goma sha ɗaya. Wani ya lalubo wayar daga ƙarƙashin ruwa, fuskarta baƙi ƙirin. Na fito da tawa na buɗe shafin, na tsuguna a bakin kududdufin.

"Ba komai, Yaya. Babin yana ajiye. Faɗi kalmar sirri in shiga in danna. Sau uku kawai ake gwadawa, in aka kuskure sai a kulle na rabin awa, don haka ka nutsu."

Ya gyara labulen a kafaɗa. "Sarkin Takobi na Sama Tara, Mai Tsaron Ƙofa Dubu."

Na buga a hankali. Shafin ya ƙi.

"Wannan na ranar Litinin ne," in ji wani daga baya.

"Na sani. Ina gwada ta ne." Ya rufe ido. "Sarkin Takobi na Sama Goma Sha Biyu, Mai Tsaron Ƙofa Dubu."

Ya ƙi.

"Saura ɗaya," na ce. "Saura minti shida. Ka tuna babin jiya. Me aka kira Hai a layin ƙarshe?"

Na ga ya tuna. Bakinsa ya buɗe, sannan idonsa ya sauka kan Guifen, wadda ta matso har bakin ruwa tana duba tayar babur ɗinta, ludayi a ƙarƙashin hammata.

"Sarkin Takobi na Sama Goma Sha Biyu," ya ce. "Mai Tsaron Ƙofa Dubu Goma."

"Shi ke nan?"

Ya sake kallon Guifen.

"Yaya, in da saura ka faɗa min a kunne."

"Marubuci ba ya raɗa," ya ce da ƙarfi, don masu ɗaukar hoto su ji. "Shi ke nan. Danna."

"Yaya, tsuntsun Baba ne."

"Na ce ki danna."

Na danna. Shafin ya kulle na rabin awa.

Muka tsaya muna kallon agogo, shi a cikin ruwa, mu a waje. Wani jan kifi ya zagaya gwiwarsa sau biyu. Ƙararrawar makarantar da ke tsallaken titi ta buga sha biyu.

Tsoho Mou ya ajiye kofinsa ya miƙe. "Sarkin Takobi na Sama Goma Sha Biyu, Mai Tsaron Ƙofa Dubu Goma, Angon Bakwai," ya ce. "Babi na ashirin da tara, layin ƙarshe. Ni ban daina karantawa ba, ko da ya lalace."

"Angon nawa?" in ji Guifen.

"Fasaha ce," in ji yayana. Ya ja baya zuwa tsakiyar kududdufin.

Inna Deng ta ciro kalandar ta karanta sharaɗin daga farko har ƙarshe. Mou ya sauke kejin, ya saki mayafin a kai. Na bi shi har ƙofa na gaya masa ba a ba shi ruwan famfo, kuma ba ya son a rataye shi kusa da wani tsuntsu mai farar gira irinsa. Ya ce in rubuta masa. Na rubuta.

Tsoho Mou ya tafi da Farar Gira da ƙarfe sha biyu da minti goma. Yanzu kowace safiya kejin yana rataye a reshen da ke saman kujerarsa. Littafin ya tsaya a babi na ashirin da tara, da masu bibiya dubu huɗu da ɗari biyu. Yayana ya yi kwana goma sha ɗaya a ɗakin tsintsiya.